IDAN AN MURƊA MAKULLI MOTA TA YI SHIRU

Jawabi domin direbobi, da yaran mota, da masu motocin haya na karkara



A ƙauyuka da yawa mota ɗaya ce ko biyu. Ita ke kai tumatir da albasa kasuwa. Ita ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Ranar da direba ya murɗa makulli ya ji shiru, ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Tumatir zai ruɓe a kwando. Mara lafiya zai kwana yana jira. Mai gyaran wutar mota kuwa, wato rewaya, yana can birni.

Sau da yawa abin da ya hana motar tashi ƙarami ne. Wani lokaci noti ɗaya ne ya kwance. Amma wanda bai sani ba sai ya ci bashi ya sayi sabon batir, alhali tsohon lafiyarsa lau. Wannan jawabi zai nuna yadda ake bin sawun wuta daki-daki, har a gano inda ta tsaya.

YADDA WUTA KE TAFIYA A MOTA

Batir shi ne rumbun wutar mota. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro irinsa a shekarar 1859. A cikinsa akwai farantan dalma da ruwan asid. Batirin ƙaramar mota yana da ɗakuna 6. Ƙarfinsa bolt 12 ne. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin wuta. Manyan motoci da yawa suna haɗa batir biyu, ƙarfinsu ya zama bolt 24.

Batir yana da kai biyu. Ɗaya yana da alamar tarawa (+), kuma galibi jar waya ce a kansa. Ɗayan yana da alamar ɗebewa (−), kuma galibi baƙar waya ce a kansa. Waɗannan su ne alamun da ake koya a darasin lissafi. Kan mai alamar tarawa ya ɗan fi ɗayan kauri.

Wuta tana fita ta jar waya. Babbar hanya tana zuwa sitata, wato na'urar da ke juya inji. Ƙaramar hanya tana bi ta babban fiyus, ta je makulli, ta rarrabu zuwa fitilu da sauran kaya. Idan ta gama aiki sai ta bi ƙarfen jikin mota, ta shiga baƙar waya, ta koma batir. Wuta kamar ɗan kasuwa ce, sai ta je ta dawo gida. In hanyar zuwa ta yanke, ba aiki. In hanyar dawowa ta yanke, nan ma ba aiki.

Da can da hannu ake juya inji, da wani lanƙwasasshen ƙarfe. A shekarar 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fara sayar da mota mai sitata ta lantarki. Sitata tana da ci ƙwarai. Wutar da take ja lokaci guda ta fi ta ƙwan babbar fitila 20. Shi ya sa ɗan sako-sako a kan batir yake hana ta juyawa.

DA FARKO A SAURARA, A DUBA

Kafin direba ya ɗauki sifana, ya fara aiki da kunne da ido. Ƙin tashin mota iri uku ne.

Na ɗaya, an murɗa makulli, ba ƙara, ba motsi, fitilun allon gaban direba ba su kama ba. Wannan wuta ce ba ta zuwa sam.

Na biyu, fitilun allo sun kama, amma sai a ji ƙas-ƙas-ƙas, inji bai juya ba. Wannan akwai wuta, amma ba ta isa ba.

Na uku, inji yana juyawa sosai amma bai kama ba. Wannan batir ya yi nasa aikin. Sai a nemi laifin wajen mai ko fulogi. Wannan maganar wata rana ce.

Daga nan direba ya kunna manyan fitilu, ya danna hon. A motoci da yawa waɗannan biyu suna aiki ko ba makulli. Su ne shaidun farko.

In fitilu da hon duk sun mutu, laifin yana kusa da batir. Ko batirin ne, ko kawunansa, ko baƙar waya, ko babban fiyus.

In fitilu suna haske, hon yana kuka, amma allo ya ƙi kamawa, batir yana da rai. Laifin yana wajen makulli ko fiyus ɗinsa.

In fitilu suna haske, amma da an murɗa makulli sai su dushe, batir ya yi sanyi ko kansa bai ɗauru ba.

In fitilu da allo suna haske, ba su dushe ba, amma inji bai motsa ba, wuta ba ta isa sitata, ko kuwa sitatar ce ta lalace.

A KIYAYE RAI KAFIN A TAƁA BATIR

Rai ya fi mota. Direba ya ja birkin hannu, ya fitar da giya, ya zare makulli. Ya cire zobe da agogon ƙarfe. Zobe in ya haɗa kan batir da jikin mota, nan take yake yin ja, ya ƙone yatsa.

Batir yana fitar da wata iska mai kama wuta. Kada a sha taba kusa da shi. Kada a haska shi da ashana ko aci-bal-bal. A yi amfani da tocila. Kada kuma a ɗora sifana a kan kawunan biyu don a ga ko zai yi tartsatsi. Wannan gwaji yana iya fasa batir a fuskar mutum.

Ruwan batir yana cin tufafi, yana ƙone fata, yana makantarwa. In ya faɗa ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta har minti 15 ko fiye, sannan a tafi asibiti.

Ga wata doka da ba a karya ta. Wajen kwancewa, baƙar waya ake fara cirewa. Wajen mayarwa, ita ce ta ƙarshe. Dalili shi ne, in baƙar tana ɗaure, sifanar da ke kan jar waya ta taɓa jikin mota, wuta za ta tashi.

MATAKI NA ƊAYA: KAWUNAN BATIR

A buɗe bonet. A kama kowane kan batir a girgiza shi da hannu. In ya motsa, an kama ɓarawo. Hanyar ƙauye mai gargada tana kwance noti a hankali. A ɗaure shi da sifana. Galibi mai lamba 10 ko 13 ce ke shiga.

A duba kuma ko akwai wani gari fari ko kore a kan kawunan. Asid ne ya ci ƙarfe. Wannan gari yana tare wuta kamar yadda yashi ke toshe hanyar ban-ruwa. A cire wayoyin, baƙa tukuna. A wanke kawunan da ruwan zafi, ko ruwan da aka jiƙa kanwa a ciki, domin kanwa tana kashe kaifin asid. Amma kada ruwan kanwa ya shiga cikin batir, zai ɓata shi. A goge kawunan da cikin bakin wayoyin da samfefa har su yi ƙyalli. A mayar, ja tukuna, a ɗaure tamau. A shafa ɗan man giris a sama.

Wasu sukan buga ƙusa tsakanin kan batir da bakin waya don ya kama. Wasu sukan doke shi da dutse. Wannan yana iya kai mota gida yau, amma yana tsaga batir. Bakin waya in ya buɗe, a sayi sabo. Kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin batir ba.

MATAKI NA BIYU: BAƘAR WAYA

Mutane sukan manta da ita. A bi ta da hannu daga batir har inda aka ɗaure ta a jikin mota. A motoci da yawa akwai wata kuma da ta haɗa inji da jikin mota. A duba ko ta yi tsatsa, ko ta kwance, ko ta tsinke. In akwai tsatsa, a kwance, a kankare wurin har farin ƙarfe ya fito, a sake ɗaurewa.

MATAKI NA UKU: FITILAR GWAJI

Ido ba ya ganin wuta. Saboda haka ya kamata kowane direba ya mallaki fitilar gwaji. Ba ta da tsada. Ƙwan fitilar mota ne mai bolt 12, an haɗa masa wayoyi biyu. Kowane rewaya zai iya haɗa ta. Ga yadda ake aiki da ita.

A ɗora waya ɗaya a kan dalmar kai mai tarawa, ɗaya a kan dalmar kai mai ɗebewa. In ƙwan bai kama ba, ko ya yi ja-ja kawai, batir ya sauka. In ya yi haske sosai, a ci gaba.

A matsar da wayoyin zuwa bakin wayoyin motar da suka kama kawunan. In hasken ya ɓace a nan, wuta ba ta ƙetare kan batir. A koma mataki na ɗaya.

A bar waya ɗaya a kai mai tarawa, a taɓa ƙarfen inji da ɗayar. Sannan a taɓa wani noti mara fenti a jikin mota. In ba haske, baƙar waya ce. A koma mataki na biyu.

Wanda yake da mita ya fi samun tabbaci. Cikakken batir yana nuna 12.6. In ya nuna 12.2, rabi ya rage. In ya yi ƙasa da 12, yana neman caji. A nan ne iya karanta lamba yake hana a cuci mutum.

MATAKI NA HUƊU: FIYUS

Fiyus mai gadi ne. Siririn ƙarfe ne da aka yi shi don ya ƙone in wuta ta yi yawa. Gara shi ya ƙone da mota ta ƙone. Akwai babban fiyus kusa da batir, a kan hanyar jar waya. In shi ya yanke, kusan komai zai mutu. Ƙananan suna cikin akwati, a ƙarƙashin bonet ko kusa da ƙafar direba. A murfin akwatin akwai zane mai nuna aikin kowanne.

A zaro fiyus a ɗaga shi a haske. In ƙarfen ciki ya rabu, ya ƙone. Ana kuma iya gwada shi yana wurinsa. A maƙala waya ɗaya ta fitilar gwaji a jikin mota, a buɗe makulli, a taɓa gefen fiyus na dama da na hagu. In gefe ɗaya yana da wuta ɗayan babu, fiyus ya mutu.

Kowane fiyus yana da lamba a kansa. Masu ƙafa biyu na roba suna da launi. Ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. A mayar da mai lamba iri ɗaya. Kada a sa wanda ya fi shi. Kada a naɗa waya ko takardar kwalin sigari a madadinsa. Wanda ya yi haka ya kori mai gadi, ya bar ƙofa a buɗe. Motoci suna ƙonewa ƙurmus ta wannan hanya.

In an sa sabo ya sake ƙonewa nan take, a tsaya. Wata waya ce ta saɓule tana taɓa ƙarfe. Motar da ke ɗaukar hatsi takan tara ɓeraye, su kuwa suna cin rigar waya. A nemi wurin a naɗe shi da salatif na wuta, ko a kira rewaya.

MATAKI NA BIYAR: MAKULLI DA SITATA

In batir da fiyus duk lafiya, saura makulli. A murɗa shi, a ɗan girgiza. In fitilun allo suna kamawa suna ɗaukewa, cikinsa ya cinye. Tarin makullai masu nauyi a jikin na mota yana taimakawa wajen lalata shi. Wasu masu mota kuma sukan sa ɓoyayyen makunni saboda ɓarayi. Direba ya tambaya ko akwai shi, domin gwiwa ko kaya kan taɓa shi ya kashe.

Mota mai canja giya da kanta, wato otomatik, ba ta tashi sai sandar giya tana kan harafin P ko N. In ta ƙi a P, a taka birki a gwada N. Wasu motoci masu giyar hannu kuma sai an taka kuloci har ƙasa.

In duk an yi wannan ba a dace ba, aikin ya zama na rewaya. Ba abin kunya ba ne. Direba zai gaya masa abin da ya gwada. Aiki zai yi sauri, kuma ba za a sayar masa da abin da ba ya bukata ba.

IDAN BATIR NE YA SAUKA

Ana iya aron wuta daga wata mota mai bolt 12. Kada a ɗebo daga bolt 24 na babbar mota. Ana bukatar wayoyi biyu masu kauri, ja da baƙa. A kusanto da motocin, amma kada jikinsu ya haɗu. Ga jerin haɗawa:

1. Jar waya a kai mai tarawa na batirin da ya sauka.
2. Ɗaya bakin jar a kai mai tarawa na batir mai rai.
3. Baƙar waya a kai mai ɗebewa na batir mai rai.
4. Ɗaya bakin baƙar a ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batir.

A tayar da mota mai rai, a bar ta ta yi 'yan mintoci. Sannan a gwada ɗayar. In ta tashi, a cire wayoyin daga na 4 a koma na 1. A karanta alamun da kyau kafin a haɗa. Juya su yana ƙone altaneta da fiyus cikin ƙiftawar ido. Batirin da ya kumbura ko ya tsage kuwa, ba a ba shi wuta.

Akwai wata al'ada a tasha. A sa batirin aro a tayar da mota, sannan a cire shi inji yana aiki, a mayar da tsohon. A daina. Cire batir inji yana aiki yana sa wuta ta yi tsalle. Motocin yanzu suna da kwamfuta mai sarrafa inji, wadda ake kira ƙwaƙwalwar mota. Wannan tsalle yana iya ƙone ta, kuma tana da tsada ƙwarai.

Turi fa? Tsofaffin motoci masu kafireto, irin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, suna tashi da turi cikin sauƙi. A buɗe makulli, a sa giya ta 2, a taka kuloci, a tura, in ta ɗau gudu a saki. Amma motar zamani tana bukatar wuta don famfon mai da kwamfuta. In allo bai kama ba sam, turi wahalar banza ce. Otomatik kuma ba a tayar da ita da turi.

ME YA SAUKAR DA BATIRIN?

Tashin mota ba shi ne ƙarshen magana ba. In ba a gano dalili ba, gobe ma haka za a yi. Wataƙila an bar fitila ko rediyo a kunne. Wataƙila an yi ta cajin wayoyin hannu inji yana kashe. Wataƙila mota ta daɗe a ajiye.

Wataƙila kuma altaneta ce ba ta caji. Ita ce ke mayar wa batir abin da ya kashe, fambel ne kuma ke juya ta. A allo akwai jar fitila mai hoton batir. Tana kamawa in an buɗe makulli, ta mutu in inji ya tashi. In ta ci gaba da haske ana tafiya, caji ya tsaya. A duba fambel ko ya saki ko ya tsinke. In inji yana aiki, mita ya kamata ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5.

Zafi yana rage kwanan batir, yana kuma ƙafar da ruwansa. Saboda haka a bazara a riƙa dubawa. In batir mai murafu ne, ruwa ya rufe farantan ciki. In ya ragu, a ƙara tataccen ruwan batir da ake sayarwa. Ban da ruwan rijiya, ban da ƙarin asid. Batirin da aka rufe ruf daga masana'anta ba a buɗe shi. A kuma ɗaure batir a mazauninsa, kada ya riƙa tsalle a hanya.

TSOHON BATIR GUBA NE

Batir in ya mutu, kada a bar shi a tsakar gida. Kada a fasa shi, kada a narka dalmarsa kusa da iyali. Dalma guba ce, ta fi kuma cutar da yara. A wata unguwa kusa da Dakar ta ƙasar Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda dalmar tsofaffin batura. A jihar Zamfara ma gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a 2010. Waccan daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce. A mayar da tsohon batir wurin mai sayarwa. Sau da yawa yakan rage wa mutum kuɗin sabo.

ABIN DA ZA A RIƘE

Ba a fafe gora ranar tafiya. Direba ya ajiye waɗannan a mota: sifana 10 da 13, filaya, sukudireba, fitilar gwaji, samfefa, salatif, tocila, wayoyin aron wuta, da fiyus na kowace lamba. Ya ware rana ɗaya a mako, kamar jajibirin kasuwa, ya buɗe bonet ya girgiza kawunan batir, ya duba ruwa da fambel.

Ranar da mota ta yi shiru kuwa, ya bi jeri: fitila da hon, kawunan batir, baƙar waya, ƙarfin batir, fiyus, makulli. A fara da mai araha kafin mai tsada. Wanda ya iya karatu ya karanta wa abokan aikinsa wannan jawabi a tasha. Ya kuma nuna wa yaron motarsa alamar tarawa da ta ɗebewa.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.